Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga 'Yan Majalisun da Ke Tsara Dokokin Intanet: Kada a Fake da Kamun Ɓarawo a Buɗe Wasiƙun Kowa

Masu girma 'yan majalisa,

Bayan gaisuwar ban girma da fatan alheri, ranku ya daɗe. Na rubuto ne a kan abu biyu da ake yawan cusa su cikin ƙudiri ɗaya duk lokacin da aka tashi yi wa intanet doka: saƙonnin banza da ke cika wa jama'a akwatin imel da waya, da kuma satar waƙoƙi. Duk mai kawo muku irin wannan ƙudiri da kuka ɗaya yake zuwa. Ɓarna ta yi yawa, in ji shi, don haka a ba hukuma ko kamfanoni ikon leƙa abin da mutane ke aika wa juna, a toshe shafuka, a yanke wa mai laifi layi. Ɓarnar gaskiya ce, ban zo musa ta ba. Roƙona shi ne, kafin ku ɗaga hannu, ku dubi abin da ya faru a ƙasashen da suka riga ku shan wannan magani. An shafe sama da shekara 25 ana gwajinsa, sakamakon kuwa a rubuce yake.

Bari in fara da saƙonnin banza, domin su ne suka fi tsufa. A 1978 wani jami'in talla na kamfanin Digital Equipment Corporation mai suna Gary Thuerk ya aika wa mutum kusan 400 tallar sabuwar kwamfuta ta kafar ARPANET, kakar intanet ɗin da muke amfani da shi yau. An yi masa caa, amma ƙofa ta riga ta buɗe. Dalilin da ya sa abin ya ƙi mutuwa lissafi ne kawai. Mai buga talla a takarda shi ke biyan kuɗin bugu da na aikawa, don haka dole ya zaɓi wanda zai aika wa. Mai aika imel miliyan kusan ba ya biyan komai. Wanda aka aika wa shi ke biya da lokacinsa da layinsa, kamfanin da ke ajiye masa saƙo kuma ya biya da rumbunsa. A 2008 wasu masu bincike na Jami'ar Kalifoniya sun kutsa cikin wata rundunar kwamfutoci, wato kwamfutocin jama'a da aka yi wa kutse ana juya su daga nesa, mai watsa tallar magunguna don su ga yadda kasuwar ke tafiya. Cikin saƙo kusan miliyan 350, mutum 28 ne suka yi yunƙurin saye. Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba, saboda wahalar sauran miliyoyin ba a kan mai tallar take ba. A ƙarshen shekarun 2000 kamfanonin tsaron kwamfuta na ƙiyasin cewa sama da kashi 80 cikin 100 na imel ɗin da ke yawo a duniya tarkace ne.

To, me majalisu suka yi? A Disambar 2003 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar CAN-SPAM ta Amurka. Wannan doka ba ta hana a aiko maka talla ba tare da yardarka ba. Ta ce dai kada mai talla ya yi ƙarya a kan ko shi wane ne, ya sa adireshinsa, ya kuma ba ka hanyar cewa ya daina, sannan yana da kwana 10 na aiki kafin ya daina ɗin. Kai da aka dama ba ka da ikon kai shi ƙara da kanka a ƙarƙashinta. Wani abin takaicin ma, dokar ta danne ta jihar Kalifoniya wadda ta fi ta tsauri, wadda ta ce sai da izinin mutum tukuna, ana saura 'yan kwanaki ta fara aiki. Tarayyar Turai ta ɗauki hanyar neman izini tun 2002, Kanada ma ta bi sahu da dokar da ta fara aiki a 2014, kuma a ganina su ne suka yi daidai. A Janairun 2004 Bill Gates ya faɗa wa taron Davos cewa cikin shekara biyu za a gama da matsalar. Har yau ba a gama ba.

Abin da ya rage kaifinta daga wasu wurare ya fito. Na farko, manhajojin tacewa da ke koyon kamannin saƙon banza daga abin da masu akwati da kansu suke warewa. Na biyu, hanyoyin tantance cewa saƙo daga inda ya ce ya fito ɗin ya fito. Na uku, kuma shi ne ya fi dacewa da aikinku, bin manyan 'yan sana'ar har gida. A Nuwambar 2008 kamfanonin da ke ba wani kamfanin ajiyar shafuka mai suna McColo layi a Kalifoniya suka yanke shi, bayan an fallasa cewa daga rumbunansa ake juya manyan rundunonin kwamfutocin da aka yi wa kutse. Cikin kwana ɗaya saƙonnin banza na duniya suka ragu da kusan kashi biyu cikin uku, ko da yake sun sake tasowa bayan wani lokaci. A Maris ɗin 2011 kamfanin Microsoft, da umarnin kotu a hannunsa da jami'an tsaro a bayansa, ya durƙusar da rundunar Rustock. A wannan shekarar kuma wani bincike ya bi sawun kuɗin, ya gano cewa kusan duk cinikin da ake yi ta irin wannan talla ta hannun 'yan tsirarun bankuna yake bi. Ku lura, ranku ya daɗe, duk cikin waɗannan nasarori babu wadda ta buƙaci hukuma ta karanta wasiƙar talaka.

Yanzu ku juyo ga waƙa, ku ga yadda ma'auni ya canza. Wata uku kacal kafin a sa hannu a waccan doka mai sassauci, a Satumbar 2003, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta shigar da ƙarar mutum 261 a rana guda bisa zargin raba waƙoƙi ta intanet. Cikinsu har da yarinya 'yar shekara 12. Kafin a dakatar da wannan kamfe a ƙarshen 2008, waɗanda aka bi sun haura 30,000: ɗalibai, iyaye, tsofaffi, har da wadda ta riga ta rasu kafin takardar ƙara ta iso. Yawancinsu sun biya 'yan dubban daloli an rufe magana, domin ɗaukar lauya ya fi hakan tsada. Wata mata a jihar Minnesota ta ƙi, ta tsaya shari'a a kan waƙa 24. A 2007 aka yanke mata biyan dala 222,000. Da aka sake shari'ar a 2009 kuɗin suka koma dala miliyan 1.92, wato dala 80,000 a kan kowace waƙa, kafin daga bisani kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da su 222,000. A daidai lokacin ana sayar da waƙa ɗaya santi 99 a kantin iTunes. Dokar haƙƙin mallaka ta ƙasar ce ta ba da wannan dama, domin ta tanadi diyya daga dala 750 har zuwa 150,000 a kan kowane aiki ɗaya, ba tare da mai ƙara ya nuna asarar da ya yi ba. Adadi ne da ya fi dacewa da manyan 'yan kasuwar jabu, aka wayi gari ana sauke shi a kan uwa mai 'ya'ya.

Wanda ya cika wa mutum miliyan akwati da tarkace an ba shi kwana 10 ya daina. Wadda ta raba waƙa 24 an ɗora mata bashin da za ta mutu ba ta biya ba. Bambancin da nake gani a tsakani ɗaya ne: a na farko talaka ne aka cuta, a na biyu kamfani ne, kuma kamfani yana da lauyoyi da masu zarya a harabar majalisa.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba na cikin masu cewa waƙa iska ce, kowa ya shaƙa kyauta. Mawaƙi ya yi rubutu, makaɗi ya ɓata shekaru yana koyon kayan kiɗansa, mai haɗa sauti ya kwana a ɗakin ɗauka, dukansu da iyali a bayansu. Wanda ya kwashi guminsu ya buɗe shafi yana cin kuɗin talla a kai ɓarawo ne, a kama shi a hukunta shi. Sashe na 27 na Kundin Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1948 ya amince da haƙƙin mai ƙirƙira a kan abin da ya ƙirƙira. Sai dai kundin nan guda shi ne ya kare sirrin wasiƙun mutum a sashe na 12, ya kare 'yancin faɗin albarkacin baki da neman bayani a sashe na 19. Babu inda ya ce a yanka biyu don a ciyar da ɗaya.

Shin ma tsananin ya yi aiki? An rufe Napster, manhajar musayar waƙoƙi kyauta ta intanet, a Yulin 2001, shekara biyu bayan fitowarsa. Jama'a suka koma Kazaa, daga nan LimeWire, daga nan BitTorrent, kowanne ya fi na gabansa wuyar kamawa domin masu ƙera su sun koyi darasi daga shari'ar da ta gabata. 'Yan sandan Suwidin sun kai samame rumbunan The Pirate Bay, shafin nemo waƙoƙi da finafinan sata, a ƙarshen Mayun 2006, bayan kwana uku shafin ya dawo, masu ziyartarsa ma suka ƙaru. An yanke wa mutum huɗu masu alaƙa da shafin hukuncin ɗauri a 2009, a shekarar kuma jam'iyyar masu adawa da tsauraran dokokin haƙƙin mallaka ta ci sama da kashi 7 cikin 100 na ƙuri'un ƙasar a zaɓen Majalisar Turai. Kuɗin shigar masana'antar faifai a Amurka, da suka kai dala biliyan 14.6 a 1999, sun ci gaba da zubewa a duk tsawon shekarun ƙararrakin har suka koma wajen biliyan 7. An bar jaki ana ta dukan taiki.

Abin da ya juya akalar kasuwa ce ta kawo shi. Apple ya buɗe kantin iTunes a Afrilun 2003, ya sayar da waƙa miliyan ɗaya a makon farko, alamar cewa mutane ba biya suke ƙi ba, sayen faifai guda don waƙa ɗaya suke ƙi. A 2009 kantin ya cire makullan da ke hana mai saye kunna waƙarsa a na'urar da ya ga dama. Spotify, dandalin sauraron waƙa kai tsaye ta intanet, ya fara aiki a Oktobar 2008, a Suwidin ɗin da ake wa kallon hedikwatar satar fasaha. Daga 2015 kuɗin shigar masana'antar a duniya suka fara hawa shekara bayan shekara, mafi yawansu daga sauraro kai tsaye. Da sauraron halal ya fi na sata sauƙi, ba tsoron muguwar manhaja, ba jiran saukewa, sai jama'a suka bi halal. Wannan bai nufin mawaƙi ya huta ba. Abin da ke isa hannunsa a kan kowane sauraro bai kai santi ɗaya ba, bayan dandali da kamfanin faifai sun ɗebi nasu. Wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya bincika lamarin a 2021, ya ce tsarin rabon yana buƙatar a sake shi daga tushe. In da gaske mawaƙi kuke son ceto, a nan aikin yake, cikin kwantiragin da ya sa wa hannu yana matashi bai san darajarsa ba. Amma ban cika ganin masu kuka da sunan mawaƙa suna kawo muku wannan ƙudirin ba.

Inda na fi son ku tsaya ku yi nazari shi ne ɓarnar da aka yi da sunan magani. A 2005 wani masanin kwamfuta, Mark Russinovich, ya gano cewa wasu faya-fayan CD na kamfanin Sony BMG suna dasa wata ɓoyayyiyar manhaja a kwamfutar duk wanda ya saka su, don hana kwafi. Manhajar tana ɓoye kanta daga mai kwamfutar, masu ƙera ƙwayoyin cutar kwamfuta kuma ba su ɓata lokaci ba suka fara fakewa a bayanta. Wa abin ya shafa? Waɗanda suka sayi faifan da kuɗinsu. Wanda ya sauke waƙar ta sata bai ga komai ba. Kafin nan, a 2003, Sanata Orrin Hatch na Amurka ya furta a zaman kwamiti cewa zai goyi bayan fasahar da za ta lalata kwamfutar mai satar waƙa daga nesa in gargaɗi bai yi aiki ba. Babu alƙali, babu shaida, babu damar kare kai. Ba a yi dokar ba, alhamdu lillahi, amma ku ga inda tunani ke iya kaiwa idan aka fara da cewa ɓarna ta yi yawa.

Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka mai suna DMCA ta 1998 ta haramta karya makullin da aka sa wa aikin fasaha, ko da abin da mutum zai yi bayan ya buɗe halal ne. Da ita aka yi wa Farfesa Edward Felten na Jami'ar Princeton barazana a 2001, lokacin da shi da abokan aikinsa za su gabatar da takardar da ke nuna raunin wani makullin waƙa, alhali masana'antar ce da kanta ta ƙalubalanci jama'a su gwada karya shi. A shekarar dai aka kama wani mai rubuta manhaja ɗan Rasha, Dmitry Sklyarov, a Las Vegas bayan ya yi jawabi a taron masana tsaron kwamfuta. Daga baya kotu ta wanke kamfanin da yake wa aiki. Irin waɗannan mutane su ne ke gano ramukan da 'yan damfara ke bi su shiga wayoyinmu. Idan doka ta sa mai bincike yana tsoron buɗe baki, ramin yana nan, ɓarayi ne kaɗai za su san da shi.

Akwai kuma tsarin "sanar a cire", wanda a ƙarƙashinsa mai haƙƙi ke aika takarda dandali ya sauke abu nan take, a yi bincike daga baya. A 2007 aka cire bidiyon daƙiƙa 29 da wata uwa ta ɗora na jaririnta yana rawa, saboda ana jin wata waƙa sama-sama a bayansa. Sai 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta ce wajibi ne mai haƙƙi ya fara duba ko amfanin da aka yi halal ne kafin ya aika takarda. Shekara takwas a kan daƙiƙa 29. Wannan na talaka ne; ga naku. A Oktobar 2008, ana saura makonni zaɓen shugaban ƙasar Amurka, kwamitin yaƙin neman zaɓen Sanata John McCain ya rubuta wa YouTube yana kukan cewa gidajen talabijin suna sa ana sauke bidiyoyinsa saboda 'yan gutsattsarin labarai da ke ciki. Amsar da ya samu ita ce doka ta tanadi jiran kwana 10 zuwa 14 na aiki kafin a mayar da abin da aka yi jayayya a kansa, kuma ba za a yi wa ɗan takara gata na daban ba. McCain na cikin majalisar dattawan da ta zartar da dokar. Duk wanda ya taɓa tsayawa takara a cikinku ya san abin da mako biyu na shiru ke nufi gab da zaɓe.

Faransa ta gwada yanke layi. Dokar Hadopi ta 2009 ta ce gargaɗi biyu, a na uku a raba mutum da intanet. Majalisar kare tsarin mulkin ƙasar ta soke wannan sashe a Yunin shekarar, ta ce shiga intanet na cikin 'yancin faɗin ra'ayi, alƙali ne kaɗai zai iya hana shi, hukumar gudanarwa ba ta da wannan hurumi. Aka gyara, aka ci gaba, aka aika miliyoyin gargaɗi. A 2013 gwamnati da kanta ta janye hukuncin yanke layin. Zuwa 2019 jimillar tarar da kotuna suka ci mutane yuro 87,000 ce, hukumar kuwa ta laƙume sama da yuro miliyan 80 na baitulmali. Kada a manta kuma, lambar layin da ake kama mutum da ita ta gida ce gaba ɗaya. In an yanke, an yanke wa yaron da ke karatu da shi, da uwar da ke sana'a da shi, saboda abin da wani ya yi, wataƙila ma maƙwabcin da ya saci kalmar sirri. Wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin faɗin ra'ayi, Frank La Rue, ya bayyana a rahotonsa na 2011 cewa irin wannan hukunci ya wuce kima. A Nuwambar shekarar Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar kamfanin intanet na Scarlet da ƙungiyar masu haƙƙin waƙa ta SABAM a Beljiyam, ta ce ba za a tilasta wa kamfanin intanet ya riƙa tace zirga-zirgar dukan abokan cinikinsa don farautar waƙoƙin sata ba. A Janairun 2012 ƙudirorin SOPA da PIPA, masu neman toshe shafukan satar fasaha, suka mutu a majalisar Amurka bayan Wikipedia ta Ingilishi da dubban shafuka sun rufe na yini guda, a Yuli kuma Majalisar Turai ta yi fatali da ACTA, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan yaƙi da jabu da satar fasaha, da ƙuri'a 478 a kan 39.

Na san abin da za a ce muku, domin hujja ce mai kama hankali: ai manhajar tace saƙonnin banza ma tana karanta imel ɗin kowa, babu wanda ya yi kuka, me zai hana a sa irinta ta nemo waƙoƙin sata? Amsar tana ga tambayar wa manhajar take yi wa aiki. Mai gadin da na ɗauka ya tsaya a ƙofata yana korar masu tallar da ba na so, nawa ne. In ya kori baƙon kirki, zan leƙa in ce a shigo da shi, in ya dame ni in sallame shi. Haka matatar saƙonnin banza take: abin da ta ware yana nan a aljihun da zan iya buɗewa, zan iya gyara mata kuskure, ba ta kai rahotona ko'ina. Mai gadin da wani ya girka mini a ƙofa, yana caje duk mai shiga da fita yana kai wa ubangidansa labari, ba ni da ikon korarsa, wannan sunansa daban ne ko da kakinsu iri ɗaya.

Kuma na'ura ba ta san dalilin da aka ƙera ta ba. A Birtaniya kamfanin BT ya gina tsarin Cleanfeed a 2004 don toshe hotunan cin zarafin yara, manufar da babu mai hankalin da zai ja da ita. A 2011 babbar kotu ta umarci kamfanin ya yi amfani da wannan fasaha wajen toshe shafin Newzbin2 saboda satar finafinai. Hujjar mai sauƙi ce: kayan aikin suna nan, sai a yi amfani da su. Italiya ta ƙaddamar da tsarin Piracy Shield a 2024, wanda ke tilasta toshe adireshi cikin minti 30 da zarar masu haƙƙin nuna wasanni sun kai rahoto, ba tare da alƙali ya duba ba. A Oktobar shekarar ya toshe wani ɓangare na Google Drive bisa kuskure. Duk abin da kuka gina yau don mawaƙi, gobe yana hannun gwamnatin da ba ku zaɓa ba, kuma kujerar da kuke kai ba ta gado ba ce. Wanda ke cikin masu rinjaye bana yana iya zama ɗan adawa baɗi, ya tarar da maɓallin da ya ƙera yana hannun abokin hamayyarsa.

Haka batun yake ga saƙonnin da ake kullewa daga waya zuwa waya. Babu ƙofar baya da za ta buɗe wa ɗan sanda ta ƙi buɗe wa ɗan damfara. Ana iya rage ambaliyar tarkace ba tare da an karya kulle ba, ta hanyar lura da ɗabi'ar mai aikawa: sabon layi da ya aika saƙo dubu cikin awa ɗaya ya tona kansa ko ba a karanta ko ɗaya ba. WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda tun Janairun 2019, bai buƙaci buɗe saƙon kowa ba.

Tsoron sabuwar na'ura ma ba yau aka fara ba. A 1982 shugaban ƙungiyar kamfanonin fim na Amurka, Jack Valenti, ya kwatanta na'urar bidiyo da makashi a gaban majalisa. A 1984 Kotun Ƙoli ta ƙi haramta ta da rinjayen alƙali 5 a kan 4, bisa hujjar cewa na'urar da ke da amfani na halal mai yawa ba a hana ta don wasu na ɓarna da ita. Bayan 'yan shekaru kaset ɗin bidiyo ya zama babbar hanyar samun kuɗin kamfanonin da suka nemi a kashe shi. Ƙuri'ar alƙali ɗaya ce ta cece su daga kansu.

Don haka ga abin da nake roƙo. Kada a yanke wa kowa layi ko a toshe shafi sai alƙali ya ji ɓangarori biyu, umarnin kuma ya ambaci takamaiman abin da za a toshe da tsawon lokacinsa. Kada a ɗora wa kamfanonin intanet aikin sa ido a kan kowa da kowa. Wanda ya aika takardar cirewa ta ƙarya, ko ya saki na'ura tana aikawa ba mai dubawa, ya ɗanɗani tara mai zafi kamar yadda mai sata ke ɗanɗana, domin a yanzu ƙaryar kusan kyauta ce. A raba tsakanin mai sana'ar sata da yaron da ya tura wa abokinsa waƙa, diyya ta yi daidai da asara. A rubuta kariya ƙarara ga masu binciken tsaro, da makafin da ke buƙatar buɗe littafi don na'ura ta karanta musu, da ɗakunan karatu masu adana tsofaffin ayyuka. A ɓangaren talla kuwa, a juya nauyin: sai mutum ya ce yana so kafin a aiko masa, ta imel ko ta waya, shi da kansa kuma ya sami ikon kai ƙara, a bi kuɗin har bankin da ke karɓa.

Duk ikon da kuka ga ba makawa sai an bayar, ku sa masa wa'adi, ya mutu da kansa bayan 'yan shekaru sai in an dawo gabanku da alƙaluma: shafi nawa aka toshe, nawa bisa kuskure, nawa aka kashe, nawa ya shiga aljihun mawaƙa. Ranar jin ra'ayin jama'a kuma, lauyoyin kamfanonin faifai da na kamfanonin fasaha za su zo ko ba a gayyace su ba. Ku aika wa waɗanda ba su da kuɗin mota takarda: mawaƙin da ba shi da kamfani a bayansa, mai binciken tsaro, ma'aikacin ɗakin karatu, da ɗan jaridar da aka taɓa sauke masa rahoto da sunan haƙƙin mallaka. Ku ba su lokaci daidai da na lauyoyin, a kuma wallafa abin da kowa ya faɗa kafin a kaɗa ƙuri'a.

Allah ya yi muku jagora. Ku huta lafiya.

Naku,
Wani mai sauraron waƙa, mai akwatin imel